Kafin Ka Sayi Maganin Minshari, Ga Abin da Ya Kamata Ka Sani

Mai minshari shi ne na ƙarshen sanin halin da yake ciki. Ni kaina sai da uwargida ta ɗauki muryata a waya cikin dare ta kunna mini da safe kafin na yarda, kuma daga ranar na shiga sayen duk abin da aka ce yana magani. Minshari yana faruwa ne idan naman maƙogwaro ya saki lokacin barci, harshe ya koma baya, hanyar iska ta ƙuntata, sai ganɗa da beli su riƙa kaɗawa da kowane numfashi. Saboda haka tambayar da nake yi wa kowane mai talla ita ce: ta yaya kayanka ke buɗe wannan hanya?

Abin da ya amsa mini tambayar shi ne robar baki mai turo muƙamuƙin ƙasa gaba. Ana sa ta a kan haƙora kamar ta 'yan dambe, tana riƙe haɓa gaba da 'yan milimita kaɗan, harshe ya biyo ta, bayan maƙogwaro ya samu sarari. Iri biyu ce. Akwai ta kanti wadda ake tsomawa a ruwan zafi a ciza ta ɗauki siffar haƙora, akwai kuma wadda likitan haƙori ke auna bakinka ya haɗa maka, wadda ake iya ƙara mata tazara sannu a hankali. Ta biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma ita nake ba da shawara, domin ta kanti takan kwance ta faɗo tsakar dare. A makon farko na sha fama da dalalar miyau, kuma kowace asuba muƙamuƙina yakan yi tsami kamar na kwana ina tauna ganda, sai dai daga baya abin ya lafa. Ba ta buƙatar wuta, tana shiga aljihun riga idan tafiya ta kama, ana wanke ta da buroshi da ruwan sanyi. Mai haƙora masu girgiɗi ko ciwon dasashi kada ya sa ta sai likita ya duba shi, domin da daɗewa tana iya ɗan gusar da haƙora.

Filastar da ake mannawa a kan hanci tana taimakon wanda toshewar hanci ce damuwarsa, musamman da hunturu, amma ba ruwanta da maƙogwaro. Matashin kai na musamman bai fi ka saba da kwanciya a gefe maimakon rigingine ba, kuma wannan kyauta ne. Maɗaurin haɓa kuwa zafi kawai ya ƙara mini.

Na'urar CPAP, mai tura wa mai barci iska ta hanci don hanyar numfashi ta zauna a buɗe, wadda likita Colin Sullivan ya ƙirƙira a Sidni ta ƙasar Ostireliya ya kuma bayyana wa duniya a 1981, ajinta daban. Ita ce babban maganin ɗaukewar numfashi cikin barci, inda numfashi ke tsayawa na daƙiƙa 10 ko fiye, sau da yawa a cikin awa guda. Idan ana ganin kana shiru sannan ka zabura kana haki, ko kana gyangyaɗi da rana, ko hawan jininka ya ƙi sauka, to ka nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro a yi maka gwajin barci kafin ka kashe ko sisi. Ka kuma lissafa kuɗin batir ko sola, tunda na'urar tana son wuta har gari ya waye.

A nan ne 'yan damfara suka fi cin kasuwa, kuma a nan aka cuce ni. Na ga tallar wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana da ake cusawa a hanci, an kira ta ƙaramar CPAP, na tura kuɗi tun kafin kaya su iso. Da na buɗe cikinta ban tarar da komai ba sai 'yar fanka mai kukan sauro. CPAP ta gaskiya tana tura iska da matsin da likita ya ƙayyade, yawanci tsakanin 4 da 20 a ma'auninta, ta bututu da abin rufe hanci, abin da ƙaramin batir ba zai iya ba. Haka zoben yatsa da maƙalin hanci mai maganaɗisu, duk kanwar ja ce. Maganin feshi ko na sha da ba shi da lambar NAFDAC kada ya shiga bakinka, kuma ko feshin buɗe hanci na gaske, idan aka wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi, toshewar takan dawo fiye da da. Mai son CPAP ta hannu ya duba sunan kamfaninta da lambar ƙirarta da kyau, domin a watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana rududdugewa. Wani ma ya ba ni shawarar in je wanzami ya cire mini beli, na ƙi, domin hatsarin zubar jini da kamuwa da cuta ya fi ƙarfin amfanin da ake zato.

Duk wanda ka zaɓa, ka rage ƙiba idan wuyanka ya kai inci 17, ka bar sigari da ƙwayoyin barci, sannan ka sa a ɗauki muryarka cikin barci kafin ka fara, a sake ɗauka bayan mako biyu ka kwatanta da ta farko.