Sharhi kan kayan gyaran injin espresso daga wani dillali a Ikeja: gaskit ya yi, haƙorin niƙa ya ci mana kofi

Kayan da na yi oda ba su da yawa: gaskit (zoben da ke hana ruwa yoyo) na kan inji guda biyu, rariyar ruwa biyu, ƙananan robobin sandar tururi, famfon tura ruwa ɗaya na ajiya don ƙaramin injin ofis, da haƙorin niƙa mai faɗin milimita 64 na injin niƙa kofi mai suna Mazzer Super Jolly. Injin espresso da za a gyara na wani ƙaramin shagon gahawa ne, mai kai biyu (inda ruwan zafi ke sauka kan garin kofi) samfurin da ake kira E61. Masu wannan sana'a a Legas sun san dillalin, sun kuma san yadda kuɗinsa yake hawa duk lokacin da dala ta motsa, don haka ba sai na tsaya kan farashi ba. Mai babur ya kawo kwalin a ranar da aka yi alkawari duk da gosulo, kuma an naɗe kayan da kyau.

Zan fara da abin da ya burge ni, don kada a ce ban yi adalci ba. Gaskit ɗin na silikon ne, kuma na gaske. Wanda aka saba samu a kasuwa baƙar roba ce, wadda zafin kan inji ke gasawa a hankali har ta bushe ta yi tauri. Idan ta kai haka, ruwa ya riƙa tsiyaya ta gefen mariƙin kofi (mazubin gari mai hannu da ake murɗawa a kan inji) lokacin da matsin ruwa ya kai awon bar 9, mai haɗa kofi kuma ya riƙa ƙara murɗa mariƙin da ƙarfi har hannun ya wuce tsakiya ya karkata dama. Cire irin wannan tsohuwar roba aiki ne: sai an sa sukuru a ciki an ja, ta fito gutsure-gutsure. A shago mai ciniki, wata 6 zuwa shekara ɗaya take yi. Na silikon ba ya bushewa haka, mariƙin yana shiga da laushi, kuma ranar canji da bayan cokali ma za a iya ɓanɓaro shi tare da rariyar. Awonsa 73 da 57, kauri milimita 8.5. Ga mariƙin da kunnuwansa suka ɗan siɗe, 8.5 ne daidai. Sabon mariƙi ya fi son 8, in ba haka ba hannun ba zai kai tsakiya ba. Na wannan shagon sun siɗe, saboda haka ya zauna cif. Rariyar ma ba laifi, ruwa na sauka ko'ina daidai. Da nan kayan suka tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

Haƙorin niƙan ne ya ɓata komai.

Tsohon haƙorin ya riga ya mutu, babu gardama. Alamominsa a fili suke: kullum ana ƙara matse awon niƙa amma kofi na zubowa da sauri, gari na fitowa da ɗumi a tafin hannu, ɗaci da tsami na haɗuwa a kofi ɗaya, kuma idan ka goga farce a bakin haƙorin ba ya kankarar komai. Haƙorin ƙarfe na wannan faɗin, ƙiyasin da aka saba shi ne kilo 300 zuwa 400 na kofi. Dutse ɗaya a cikin waken kofi kuwa ya isa ya ɓalle masa baki tun kafin lokacin, abin da ke yawan faruwa ga masu sayen kofin gida daga wurin wanda bai tsince shi da kyau ba.

An kwance kwalar saman injin niƙa, wato zoben da ake murɗawa don daidaita awon niƙa, wadda zarenta na hagu ne a wannan injin, an ajiye sifirin uku gefe, an share mazaunin da buroshi har ya yi fes, an ɗora sabo. Ramukan sukuru uku sun hau daidai, faɗi daidai, kauri daidai. A ido babu abin zargi. Da aka kunna aka zuba wake, sai injin ya riƙa gurnani, wake na tsalle a maƙogwaro ba ya sauka. Giram 18 da lafiyayyen inji ke niƙawa cikin 'yan sakanni sai da aka gaji da jira. Abin da ya fito kuma rabi ƙura ne, rabi tsaki, ga zafi, ga ƙauri. An gwada a injin espresso: wani zubin ya wuce kamar an buɗe famfo, wani ya toshe ƙememe. Giram 36 a cikin sakan 25 zuwa 30 da ake nema, ko kusa ba a je ba.

Na kira shagon dillalin, yaron maigidan ya ɗauka. Amsarsa a shirye take: "Maigida, sabon haƙori ne, sai ya ci kofi kafin ya zauna. Ka ƙara niƙa." Maganar da gaskiya a cikinta, shi ya sa take da haɗari. Sabon haƙori yana fitowa da kaifi mai kaushi, kuma sai ya ci 'yan kilo kafin niƙansa ya daidaita. Amma wanda bai zauna ba yana niƙa da sauri ne, awon kawai ke yawo. Ba ya ƙin jan wake, ba ya sa mota ta yi zafin da ba a iya taɓa jikin inji. Duk da haka mai shagon gahawa ya ce a bi maganarsu, aka zazzage kofi mai tsada a ciki, wanda da kuɗin waje aka saye shi. Babu abin da ya canja sai kwandon shara da ya cika.

Da aka sake kwancewa aka ajiye tsoho da sabo a kan tebur, haƙora na kallon sama, nan take abin ya bayyana. Zanen tsohon ya kwanta gefe ɗaya, na sabon ya kwanta ɗaya gefen. Haƙorin mai juyin baya aka aiko.

Wannan shi ne abin da dillalan namu ba sa tambaya, kuma ba sa rubutawa a leda. Haƙori mai faifai iri biyu ake yankawa, na juyin dama da na juyin hagu. Manyan haƙoran da ke tsakiya su ke fasa wake, ƙananan da ke baki su ke laushe shi, kuma karkacewar zanen ita ke tura gari daga ciki zuwa waje yayin da na ƙasa ke juyawa. Idan aka sa wanda juyinsa ya saɓa wa na mota, bayan haƙorin ne ke haɗuwa da wake. Kamar yanka nama ne da bayan wuƙa. Wake na murzuwa, ba ya yankuwa, gari na komawa ciki maimakon ya fita, zafi na taruwa, man kofin ya narke ya dame ramukan. Motar mai wat 350 da ke juyi 1400 a minti tana ta fama da nauyin da ba nata ba. A garin da wutar janareta ke sauka ta hau yadda ta ga dama, wannan hanya ce ta ƙona kafasita ko ma wayar motar gaba ɗaya. Kamfanoni da yawa suna yin haƙori mai faɗin 64, shi ya sa faɗi kaɗai ba ya isa oda. Sai an faɗi faɗin waje, faɗin ramin tsakiya, kauri, yawan ramukan sukuru da tazararsu, sannan juyi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shawarar da ta biyo baya. Da na tura hoto, maigidan da kansa ya kira. Na ce, "Alhaji, juyin haƙorin nan ba na injinmu ba ne." Ya ce, "Malam, wannan ai ba matsala ba ce, ka sa mai gyaran wuta ya juya maka waya, motar ta riƙa juyawa baya." Mutum mai sayar da kayan gyara ya faɗi haka! Ana iya juya mota, gaskiya ne, kuma injin da ke kan wuta mai layi uku da musanya waya biyu kawai yake sauya juyi, dalilin da ya sa ake duba juyinsa duk lokacin da aka sake haɗa shi ke nan. Amma fukafukan da ke share gari, da bakin fitar garin, da ɗaurin mazaunin haƙori a kan sanda, duk don juyi ɗaya aka tsara su. A wasu injina notin tsakiya yakan kwance kansa idan aka juya baya, haƙori ya hau haƙori. Wato a lalata inji sukutum don kada dillalin ya karɓi kayansa. Na ƙi. An sha ja-in-ja a waya, wai an riga an ɗaura, an taɓa kaya, ba a mayarwa. Sai da wani dattijo cikin 'yan kasuwarmu na Agege da suka san juna ya sa baki, sannan ya yarda ya canja. Kuɗin mai babur na zuwa da komawa a kanmu, kofin da aka yi asara kuma ko jaje bai yi ba.

Na biyun juyinsa daidai ne, kuma a nan zan sake yaba masa kaɗan, ko da ba da son raina ba. Ƙarfen yana da kyau. Yana kankarar farce, zanen a tsabtace yake, babu tsatsa, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga kayan da suka kwana a sito a laimar Legas. Amma bai zauna shafe ba da farko. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: a cire wuta, a shafa tawadar alƙalamin maka a kan shafaffen bakin waje na haƙorin, a mayar da kwala, a riƙa matsewa a hankali ana juya sandar da hannu har a ji sun fara shafar juna, sannan a buɗe a duba. Idan tawadar ta goge zagaye duka, lafiya. A nan gefe ɗaya kawai ta goge. Wani lokaci laifin ƙwayar gari ɗaya ce da ta maƙale a ƙarƙashi, ko sukurun da aka ɗaure ɗaya tamau kafin sauran. Ana ɗaure su ne kaɗan-kaɗan bi da bi. An sake sharewa, bai gyaru ba, sai da aka sa siririn falle na takardar alminiyam a ƙarƙashin gefen da bai taɓa ba. Bayan haka da 'yan kilo na kofi mai araha, niƙa ya daidaita, gari ya fito da sanyi, zubi ya dawo cikin lokacinsa. Inda haƙoran ke fara taɓa juna ya matsa daga tsohon wurinsa, don haka tsohuwar alamar da ke jikin kwala ta tashi aiki, sai an yi sabuwa. Kuma kada wanda ya wanke irin wannan haƙori da ruwa a garin nan. Kafin gari ya waye ya yi ja. Buroshi da busasshen ƙyalle sun isa.

Na so in tsaya nan in ce a saya a wurinsa amma a buɗe ido. Sai na ɗauko famfon ajiyar don in rubuta lambarsa, na ga tambarin da ke jiki: bolt 120, 60Hz. Kayan Amurka. Wutarmu 230 ce, 50Hz. Da an jefa shi a durowa har ranar da na cikin ƙaramin injin ofis ya mutu, aka ɗaura cikin gaggawa, da hayaƙi kawai za a gani. A waje kamarsu ɗaya sak, bakin tiyo ɗaya, robobin zama ɗaya, tambarin ne kawai ya bambanta. Haka ma naɗin wayar bawul mai hanya uku, wanda ke sauke matsi bayan zubi, yana zuwa da na 110 da na 230, har da na 24 a wasu injina. Wanda ya haɗa kwalin nan bai karanta komai ba, abin da ya yi kama da hoton da aka tura masa yake ɗauka.

Robobin sandar tururin kuma ɗaya ya yi ƙanƙanta, ba a rubuta awo a jikin ledar ba, kuma babu ko ɗigon man shafawa mai lafiya ga abinci a ciki, alhali ba a ɗaura su a bushe. Kan E61 ma yana son wannan man a sandar lebarsa duk bayan wanki da garin sabulun inji, in ba haka ba ta riƙa ƙara tana cin tagullar ciki. Na tambaye shi ko yana da shi, ya ce in sa giris ɗin mota. A inda ruwan sha ke bi.

Gaskit da rariya zan ci gaba da saya a wurinsa, don na silikon ɗin bai cika samuwa ba a nan. Haƙori kuwa, sai dai in je da tsohon a aljihu in ɗora su gefe da gefe a kan kantarsa kafin in yi tiransifa. Famfon yana nan cikin ledarsa, har yanzu yana cewa a kawo zai duba idan kaya sun iso daga Apapa.