Yawon yini ɗaya a Bauchi: tarihi da masa

Wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido ke shirya wannan fita ranar Asabar: bas ɗaya, ɗan jagora ɗaya, a zaga tsohon gari, a ɗanɗana abincin Bauchi. Ni da ƙanwata muka bi su daga Gombe.

Kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya fi tsaya mini a rai. Ana shiga ta wani dogon lungu mai duhu, a hankali haske ya riƙa bayyana, har a fito fili inda kabarin yake, ba ado ba ƙawa. Jagoran ya ce duhun mulkin mallaka ne, hasken kuma 'yancin 1960. Da ya zo kan kisan Janairun 1966 bai yi dogon surutu ba, na kuwa yaba masa. A ɗakin adana kayan marigayin ya bar mu muka duba a natse.

Fadar Sarki kam a gurguje aka yi ta. An ambaci Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, da tutar da ya karɓo wurin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sai "Hajiya, a hau mota." Haba! Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti ma ta taga muka gan su.

Masar ce ta wanke musu laifi. Da zafinta daga tanda, gefenta ya soyu, cikinta laushi, ga miyar taushe da yajin ƙuli. Aka biyo da fura da nono mai sanyi. Kilishin dai ya bushe da yawa.

Kuɗin bai ɓaci ba, amma ku tafi da ruwanku, don bas ɗin ba na'urar sanyaya iska.