Na je Kyoto koyon wuƙa, na dawo ina lissafin ruwa

Wata huɗu ke nan da dawowata daga Japan, sai yanzu na ga ya kamata in zauna in rubuta abin da na gani. Da a makon farko na rubuta, da yabo ne zalla, don ɗoki bai sake ni ba tukuna. Da kuma a Janairu ne, lokacin da hunturu ya ƙwace mini duk abin da nake taƙamar na iya, da ƙorafi zan jera muku.

Sana'ata buga riguna da allunan talla a Kano. Zane na karanta a Zariya, a can kuma na fara sassaƙa hoto a jikin roba, mu shafa tawadar mai da rola, mu danne da inji. Don haka da na ga tallar wata bita ta kwana goma a Kyoto, ta koyon mokuhanga, wato buga hoto da sassaƙaƙƙen katako irin na mutanen Japan, sai na ce a raina ai rabin aikin yana hannuna. Shekara biyu ina tara kuɗi. Ranar da na biya, uwargida ta dube ni ta ce, "Yanzu Malam, duk katakon da ke 'Yan Katako bai ishe ka ba?"

Ta fuskar takardu ba ni da abin cewa sai godiya. Masu shirya bitar sun aiko da takardar gayyata a kan lokaci, na kai ofishin jakadancin Japan a Abuja, biza ta fito. Biyan kuɗin ne ya ba ni ciwon kai, katina na naira ya ƙi, sai da wani abokina da ke waje ya biya na mayar masa. Ta Doha na bi, na sauka a filin jirgin Kansai na Osaka, na hau jirgin ƙasa na sama da awa ɗaya zuwa Kyoto. A wurin canji aka miƙo mini sabuwar takardar yen 1,000, wadda ta fito a Yulin 2024, na juya bayanta sai ga zanen babbar igiyar ruwan teku na Hokusai, shahararren mai zanen Japan, hoton da aka fara bugawa wajajen 1831 da irin katakon da na zo koyo. Na daɗe tsaye ina kallon kuɗi kamar baƙauye.

Wurin aikin wani tsohon gidan katako ne, siriri, mai zurfi ciki. A bakin ƙofa ake cire takalmi. A ƙasa ake zama gaban ɗan gajeren benci, kuma nan na fi Turawan da muke tare morewa, su gwiwa ta hana su sakat tun rana ta biyu, ni kuwa da zaman tabarma na girma. Malamin dattijo ne marar yawan magana, sensei muke ce masa. Tallar ta ce ba za mu wuce mutum shida ba. Mu tara na ƙirga. Wannan shi ne ƙorafina na farko, kuma ba ƙarami ba ne, domin aikin nan sai an kama hannunka.

Ranar farko tafinta ta ce gobe za a nuna mana washi. Na yi murna, na ce lallai mutanen nan sun san aiki, da wasa wuƙa za a fara. Ashe a bakinsu washi takarda ce, ta hannu, wadda ake yi da ɓawon wani icce da suke kira kozo. Namu washin ma an yi shi, a kan dutse mai jiƙe, amma minti talatin kacal aka ba shi, abin da ya cancanci yini guda.

Kwana biyar muka yi muna sassaƙa. Wuƙar, hangito, a dunƙule ake riƙe ta, a karkace ta, a jawo ta wajen jiki, ɗan yatsan ɗaya hannun yana tokare da ita. Ƙa'idar ita ce kowane layi ya tsaya kamar kunyar gona, ƙasa da faɗi, sama siriri, don kada ya karye idan an yi ta gurza shi. Bayan wuƙa sai ƙananan cizal su kwashe filin da ba a so ya ɗauki launi. Kowane launi da allonsa. Hotona na wata mai tallar fura da nono ne, launi huɗu, allo huɗu. Abin da ke sa launukan su faɗa wuri guda kuwa wasu 'yan tsagogi biyu ne da ake yankawa a gefen kowane allo, ɗaya kusurwa, ɗaya miƙaƙƙe, sunansu kento. Nan takarda ke zama kowane bugu. Babu ƙusa, babu inji, tsaga biyu kawai. Da wannan dabarar wani mai zane, Suzuki Harunobu, ya fitar da hotuna masu launi da yawa a 1765, kuma har yau ba a sauya ta ba.

A allona na uku na zarce da yankan kusurwar, kaurin gashi biyu ko uku. Sensei ya shafa da babban yatsa, ya yi tsaki irin nasu, ya fere wani ɗan siririn icce ya cusa a wurin, ya datse shi daidai. Bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

Ga ƙorafi na biyu. Hotunan da ke cikin tallar duk na katakon yamazakura ne, icce mai tauri da masu aikin zamanin da, wanda ake kira zamanin Edo, suka yi amfani da shi, wanda ke riƙe layi siriri kamar silin gashi. Mu falankin shina aka ba mu, mai laushi. Na fahimci dalili, ɗan koyo zai ɓata mai tsada a banza, ni kaina da na taɓa wuƙa a guntun yamazakura na ji kamar ƙashi nake yanka. Amma a faɗa wa mutum tun kafin ya sayi tikiti. Haka kalmar "gargajiya" da suka cika tallar da ita. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, aikin a rabe yake: mai zane daban, masassaƙi daban, mai bugu daban, ga mai jari da ke biyan kowa ya sayar. Hokusai bai sassaƙa igiyar nan da hannunsa ba. Mutum ɗaya ya zana, ya sassaƙa, ya buga, wannan sabon salo ne na farkon ƙarni na 20, da suke kira sosaku hanga. Shi aka koya mana, kuma ban raina shi ba. Sunansa kawai nake so a kira shi da shi.

Har zuwa rana ta shida ina ganin na yi asarar kuɗi. Sassaƙa ce, na iya ta, bidiyo ma zai koya maka.

Sai aka zo bugu. Tun daren da ya gabata aka sa muka shafa wa takardu ruwa da faffaɗan buroshi, muka jera su tsakanin jiƙaƙƙun jaridu, muka naɗe da leda. Da safe sensei ya zaro guda, ya manna ta a kumatunsa, ya miƙo mini. Tafinta ta ce, "Ya ce ka ji. Sanyi za ka ji, ba jiƙa ba." Na manna a nawa kumatun. Sanyi kamar gefen randa. Daga wannan lokacin komai ya koma maganar ruwa: nawa ne a takarda, nawa ne a katako, nawa ne a launi, nawa ne a buroshi. Launin garin kala ne da ruwa, babu mai ko kaɗan. Ana ɗiga shi a allo, a ɗiga nori, wani ƙullin shinkafa mai kaurin koko, a gauraya su a kan katakon da buroshin gashin doki, a ƙarasa da shafa mai sauƙi kamar ana lallashi. Sannan a ɗauko takarda tsakanin 'yan yatsu, a zaunar da ita a kento, a saki.

Abin dannewar shi ne baren. Duk wanda ya san faifai ya san siffarsa: ɗan faifai ne da bai wuce tafin hannu ba, cikinsa tufkakkiyar igiyar zaren gora a naɗe zagaye-zagaye, an lulluɓe shi da ɓawon gora, ana ɗan shafa masa man wani tsiro, kameliya, don ya yi santsi. Ƙullin igiyar ne ke tura launi cikin zaren takardar, shi ya sa idan ka juya hoton mokuhanga za ka ga launi ya leƙo ta baya. Na asalin yana cin watanni kafin a gama shi, kuɗinsa kuma ya kusa sa ni zama. Na roba muka yi aiki da shi, amma sensei ya ba kowa nasa ya gwada sau ɗaya. Bambancin kamar ka sauka daga kan jaki ka hau doki.

Bugu na farko ya fito da ɗigo-ɗigo fari. Ya ce goma, wato riɗi, nori ya yi kaɗan. Na ƙara. Sai launin ya taru a bakin layuka, ya yi yawa. Na rage, ƙwaryar furar ta fito tas, amma da na zo launi na uku sai ya goce daga layi. Na ɗauka kento ne ya sake ci amanata. Ya taɓa takardar, ya nuna ledar da na bari a buɗe. Takarda idan ta sha ruwa buɗewa take yi, idan ta fara bushewa ta tsuke, don haka wadda na buga wa launi na farko da safe ba girmanta ɗaya da wadda ke hannuna da azahar ba. Shekarata nawa ina buga abubuwa, ban taɓa tunanin takarda tana numfashi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bokashi, launin da ke farawa da duhu ya yi ta dusashewa har ya ɓace, irin sararin samaniyar hotunan Hiroshige, wani mai zanen zamanin Edo. Ana goga jiƙaƙƙen ƙyalle a allo, a sa launi a gefe ɗaya na buroshi, a yi ta kai da komo ba tare da an juya shi ba. Na lalata takarda takwas. A ta tara ya zo ta bayana, ya ɗora hannunsa a kan nawa, muka ja tare sau huɗu. Nauyin da ya sa bai kai rabin wanda nake sawa ba. Wannan daƙiƙa goma ita ce abin da na biya kuɗin jirgi dominsa, kuma babu bidiyon da zai ba ka ita.

To amma kwana biyu da rabi kawai aka ware wa bugun. Wannan ne kuskuren tsarin gaba ɗaya. Da ni ne, sassaƙa kwana uku, launi biyu, sauran duk a ba ruwa. Ga shi tafintar sai da safe take zuwa, da rana sai nuni da hannu da manhajar fassara a waya, alhali da rana ne tambayoyi ke tasowa.

An kai mu Echizen, a jihar Fukui, garin masu yin takarda. Tafiyar ta fi zaman tsawo, amma na ga mata zaune suna tsince baƙin ɗigo daga ɓawon kozo cikin ruwan sanyi, ɗaya bayan ɗaya. Na ga kuma abin da ya ba ni dariya: ruwan da ake kaɗa zaren a ciki yauƙi gare shi, daga saiwar wani tsiro, tororo-aoi, ɗan uwan kuɓewa ne na jini. Na sa hannu na ɗaga, ya biyo ni kamar miya. Kafin a yi bugu da takardar ana shafa mata dosa, ruwan gam na fata da alif, don kada launi ya bazu. Akwai wurin ibadarsu da aka keɓe wa wadda suka yi imani ita ta koya musu sana'ar. Na tsaya daga waje na kalli aikin rufin, babu wanda ya matsa mini.

Abinci sai ka yi da gaske. Na rubuta musu tun daga gida cewa ba na cin alade, sun kiyaye, amma ba su san cewa mirin da sake, waɗanda ake zubawa a yawancin miyarsu, giya ce a wurina ba. Na ƙare a shinkafa da gasasshen kifi da ƙwai, sai gidajen abincin halal da ke cikin gari. Salla kuwa sensei da kansa ya nuna mini wani ɗaki a sama, kullum in tarar an share shi. Akwai masallaci a Kyoto, na samu Juma'a ɗaya.

Wanda bai taɓa riƙe wuƙar sassaƙa ba, ina ganin ya fara a gida tukuna, kada ya kashe kuɗin Japan a kan abin da kafinta zai nuna masa. Wanda ya riga ya iya, ya je, amma ya tambaye su a rubuce: mutum nawa, kwana nawa na bugu, tafinta har ƙarfe nawa. Ya kuma tuna wuƙaƙen a babbar jaka ake sa su, ba ta hannu ba. A ma'aunina bitar ta ci uku da rabi cikin biyar. Sensei shi kaɗai ya ci biyar.

Na dawo da wuƙaƙe, buroshi uku, baren na roba da takardar Echizen guda talatin. A Disamba na shimfiɗa kayana a shago. Kafin in ajiye buroshi in ɗauki takarda, allon ya bushe ƙayau. Takardar da na jiƙa da dare ta zama kamar ƙosai ya kwana kafin hantsi. Duk ma'aunin da hannuna ya haddace a Kyoto na iskar Kyoto ne. Na koma yi bayan sallar asuba, ƙofa a rufe, bokitin ruwa a gefe, jiƙaƙƙen tawul a rataye a taga, na tsinka nori fiye da yadda aka koya mini. Ƙullin ma da shinkafar tuwo nake dafa abina, kuma yana yi. A haka na samu mai furar nan ta fito sau uku yadda nake so, ɗaya tana rataye a ɗakin uwargida, wadda har yanzu ba ta janye maganar 'Yan Katako ba.

Takarda goma sha ɗaya ta rage. Na naɗe su na ɗora a saman kabad, ba zan taɓa su ba sai ruwan Yuni ya sauka.