Kallo ko kai hannu: ina ya fi a kai yara ganin dabbobi a Legas?

Hajiya ta turo tambaya daga Agege. Yaranta uku ne, mai shekara 3, mai 6 da mai 11, duk haihuwar Legas, kuma sun ishe ta da zancen ganin dabbobi a wannan hutun, autar ma cewa take sai ta rungumi ɗan akuya. Ta ji ana ambaton Lekki Conservation Centre da LUFASI da Omu Resort, shi kuma maigida ya ce mene ne na ƙona mai, ga karar Oko-Oba nan kusa. Wanne ya fi?

Hajiya, wuraren nan huɗu ba haja ɗaya suka kasa ba. Lekki Conservation Centre da Omu na kallo ne. LUFASI da turken mai kiwo, a maimakon karar kanta, su ne inda yaro zai iya matsawa har ya kai hannu. Kuma wadda za ta yanke hukunci a gidanki ita ce mai shekara 3, domin ita ce za ta fara gajiya, ita ce kuma za ta sa yatsa a baki bayan ta shafa dabba.

A fara da Lekki Conservation Centre, tunda shi ya fi suna. Ƙungiyar Nigerian Conservation Foundation ce ta kafa shi a 1990, a kan titin Lekki zuwa Epe, daura da ofishin kamfanin mai na Chevron, kuma faɗinsa hekta 78 ne na kurmi da fadama. Ba gidan zoo ba ne irin na Audu Bako da ke Kano, inda ake bin keji ɗaya bayan ɗaya. A nan dabbobin sake suke, ku ne za ku bi hanyar katako da aka shimfiɗa a kan fadamar, tafiyar da ta kusa kilomita 2. Birai kam za ku gan su har ku gaji, ɗawisu da kunkuru ma suna yawo wajen ƙofa, amma kada da sauran masu ɓuya sai an yi sa'a. Yaro mai shekara 11 da ya iya yin shiru yana duban bishiya zai more. Mai shekara 3 kuwa rabin hanya za ta ce a goya ta, don haka a tafi da zanen goyo.

Abin da ya fi jan mutane can shi ne gadar igiya da ke ratsa saman bishiyoyi, mai tsawon mita 401, wadda aka buɗe a 2015. Kuɗinta daban yake da na shiga, tana da ƙa'idar shekaru, ba a barin ƙananan yara su hau, kuma ana dakatar da hawa idan ana ruwa. Kada ki yi wa babban alkawarinta tun daga gida, sai kin ji ta bakin ma'aikata. Idan iyaye na son hawa, dole a samu babba ɗaya da zai tsaya ƙasa da yara.

Biran wurin sun saba da mutane, sun kuma gane cewa leda na nufin abinci. Ƙarar leda kaɗai ta isa ta sauko da su. Yaro ya riƙe biskit a hannu, biri ya fizge, yaron ya ja da shi, a nan ake samun yakushi. A zuba komai cikin jaka mai zif, kada a ci komai a kan hanyar katako, in kuma biri ya kama abu a sakar masa. A hana yara ƙura masa ido ko yi masa dariya haƙora a waje, domin a wurinsa neman faɗa ne.

LUFASI na gaba da Sangotedo a kan titin guda. Desmond Majekodunmi ne ya kafa shi, kuma bai kai Lekki Conservation Centre girma ba, kusan hekta 20 ne. Ga mai ƙananan yara wannan ƙanƙantar alheri ce: tafiya kaɗan, inuwa da yawa, ga filin wasa, kuma bai cika maƙarewa da jama'a ba. Aikin wurin shi ne kare ragowar kurmi da kula da dabbobin da aka ceto, shi ya sa za ki tarar da jakuna da dawakai da birai. Jaki ba abin kallo ba ne ga wanda ya tashi a Katsina ko Gumel, amma ga ɗan Legas da bai taɓa jin kukansa ba, ya fi zakin da ke barci a ƙarshen keji armashi. A nemi ma'aikaci ya nuna dabbar da ta yarda da hannu, ya kuma tsaya tare da ku. Dabbar da aka ceto wataƙila ta sha duka a baya, ba kowacce ke son a matso ta ba.

Omu Resort yana Bogije, can gaba a Ibeju-Lekki. Shi ne ya fi kama da gidan zoo da muka sani, dabbobin dawa a keji, haɗe da lilo da motocin tsere na wasa da hawan doki. Ya fi sauran cin kuɗi, kuma kuɗin ya danganta da wasannin da aka zaɓa. Yara kan ba dabbobi rabin awa su koma wajen lilo. In nishaɗin wuni guda ake nema ya biya, in kuwa rungumar ɗan akuya ce, ba nan ba ne.

Daga Agege, hanya ita ce rabin lissafin. Duka ukun a titi ɗaya suke: Lekki Conservation Centre da ke wajen Chevron ne farko, sai a wuce Ajah da Sangotedo a kai LUFASI, sai Awoyaya da Lakowe kafin Bogije. Kafin nan kuma ga gadar Third Mainland mai kilomita 11.8. Ranar aiki za ku faɗa cikin cunkoson masu tafiya aiki Island, wato ɓangaren tsibirin Legas, saboda haka safiyar Asabar ko Lahadi ta fi, a bar gida kafin ƙarfe 7, a juyo kafin la'asar. Zuwa da wuri na da wata riba: dabbobi sun fi motsi da sanyin safiya, rana na take kowacce za ta nemi inuwa ta kwanta. Yuni da Yuli ruwa ya fi yawa, katako na santsi, sauro ya yi yawa a fadama. Daga Nuwamba zuwa Maris ya fi daɗin tafiya, sai dai makon Kirsimeti da sabuwar shekara akwai cikowa. Kuɗin shiga na canzawa, a kira a ji farashin ranar, a tambaya ko ana shiga da abincin gida. A saka darduma da buta a mota.

Maganar maigida ba a banza take ba, gyara kaɗai take so. Cikin karar kanta ba wurin ƙaramin yaro ba ne: ana sauke shanu daga tirela bayan kwanaki a hanya, a gajiye kuma a fusace, ga masu jan igiya na gudu, ga mayanka a gefe da ruwan da ke malalowa daga cikinta. Dabbobi daga garuruwa daban-daban sun cakuɗu, ba wanda zai ba ki tabbacin lafiyar kowacce. Abin da ya dace shi ne turken wani sananne da ke kiwo a gida ko a gefen unguwa, mai tumaki da awaki ƙalilan da suka daɗe a hannunsa. A je da hantsi lokacin ba su dusa da harawa, ba a makonnin da ke gaban Babbar Sallah ba, lokacin da ake ta shigo da sababbi. A nan mai shekara 11 zai koyi abin da babu a Lekki: bambancin Balami fari tas mai dogon kunne, da Uda mai launi biyu, gaba duhu baya fari, da 'Yankasa. Kuɗin mota kaɗan, minti 40 sun isa, kuma autar za ta samu ɗan akuyarta. A tafi wa mai turken da ɗan alheri.

Inda ake kai hannu kuwa akwai ƙa'ida. Ana tunkarar dabba ta gefen kafaɗa, inda take ganin mutum, ba ta baya ba. Jaki da doki harbi suke yi, kuma tsayin yaro daidai yake da inda kofato ke sauka. Abinci a tafin hannu a buɗe, yatsu a haɗe. Kada a bar yaro ya tura goshin rago da sunan wasa, haka ake koya masa tunkuyi. In rago ya ja da baya ya sunkuyar da kai, a ɗauke yaro nan take. A ƙyale uwar da ta haihu kwanan nan. Dabbar da ke da ƙuraje a leɓe, ko wadda gashinta ya zube a zagaye kamar kwabo, ba a taɓa ta, domin duka biyun na kama mutum, na biyun shi ne makero. Mai juna biyu kada ta kusanci tumaki da awakin da ke haihuwa, akwai cututtukan da ke jawo ɓari ta wannan hanya.

Abin da ya fi kwantar da yara bayan irin wannan fita ba cizo ba ne, gudawa ce. Ƙwayoyin cuta irin su E. coli da Salmonella na zaune a kashin dabbar da ke da ƙoshin lafiya, su manne a gashinta, a shinge, a igiya, a takalmi. Yaro bai ma taɓa dabbar ba, ya dafa shinge ya ci cincin, shi ke nan. 'Yan ƙasa da shekara 5 suka fi shiga haɗari, shi ya sa ba a so su taɓa kunkuru, ƙadangare ko 'yan tsaki ko kaɗan, don su ne manyan masu ɗauke da Salmonella. Kunkurun Lekki a kalle shi daga tsaye.

Sanitaiza ba ta wadatar ba. Ba ta aiki sosai a hannu mai datti, kuma akwai ƙwayar gudawa da ake samu a jikin 'yan maruƙa da 'yan tumaki wadda ba ta kashewa. A tafi da galan mai lita 5 da sabulun ruwa, babba ya zuba, yaro ya cuɗa daƙiƙa 20 har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, da zarar an bar wajen dabbobi da kuma kafin a buɗe kular abinci. Fida da robar tsotso da kofin autar su zauna a jaka. A sa musu takalmi rufaffe, ba silifa ba, a cire shi a ƙofar gida a wanke.

A sa ido kwana 10 bayan an dawo. Gudawa ta yau da kullum, a fara da ORS yadda aka rubuta a jikin ledar, da zinc. Amma in aka ga jini a bayan gida, ko ciwon ciki mai tsanani, ko fitsari ya ragu yaro ya yi fari ya yi laushi, asibiti kai tsaye, a kuma faɗa wa likita an je wajen dabbobi. Kada a sayi maganin tsayar da gudawa ko kafso a kemis, domin ga irin E. coli mai taɓa ƙoda suna iya ƙara dagula lamarin. Cizo ko yakushin biri ko kare kuwa, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cur, a je asibiti a ranar don allurar haukan kare da ta tetanus, ko da ciwon bai kai a kalla ba.

Da wannan lissafin, Hajiya, ki fara da turke a wannan makon, maigida ya ja gaba tunda shi ya san mutanen. Fitar iyali ta Asabar kuma LUFASI ta fi dacewa da shekarun yaranki. Lekki Conservation Centre a bar shi ya zama tafiyar babban da mahaifinsa, Omu kuma sai autar ta kai munzalin zaman awanni a mota ba rigima.