Hattara da masu kwangilar daɓen kankare a yankunan bakin teku

Jama'a, duk mai shirin zuba daɓen kankare na shigar mota daga ƙofar gida zuwa gareji, musamman a wuri mai zafi kusa da teku, ya karanta wannan kafin ya damƙa wa kowa kuɗinsa. Akwai masu bi gida-gida, akwai kuma masu talla a Facebook da WhatsApp da hotunan aikin da ba nasu ba. Zancensu kusan ɗaya ne: wai sun gama wani babban aiki a kusa, siminti da rodi sun ragu, za su yi maka a rabin kuɗi in ka amince yau. Wasu kafin alƙalami kawai suke jira, da ya shiga hannu sai waya ta daina shiga. Waɗannan da sauƙi, domin tun makon farko ka san an cuce ka. Waɗanda suka fi ɓarna su ne masu zuwa su yi aikin, su bar maka daɓe sumul, ka biya har da godiya, sai bayan 'yan shekaru ka ga yana darewa, jan ruwan tsatsa na tsattsafowa ta tsagar. An yi maka kitso da kwarkwata, mai kitson kuma ya daɗe da sauya lamba.

Babbar satar tana cikin kauri da siminti. Ɗauki hanya mai faɗin mita 4 da tsawon mita 10. Idan aka yi kaurin santimita 12.5, kankaren da za ta ci kibik mita 5 ne. Kwaɓin da ya dace da iska mai gishiri, wato awo 1 na siminti, 1.5 na yashi, 3 na tsakuwa, yana cin kimanin buhu 8 mai kilo 50 a kowane kibik mita, jimilla buhu 40. Maha'inci zai rubuta maka 40 ɗin nan, sannan ya rage kaurin zuwa santimita 7.5, ya yi kwaɓin 1 da 3 da 6, wanda bai kai buhu 5 a kibik mita ba. Da buhu 14 ya gama. Sauran 26 sun tafi wani aikin, ko kuma tun farko ba a sayo su ba. Yadda yake ɓoye ƙarancin kaurin shi ne ya tula ciko a tsakiya kamar doron kunkuru, ya bar gefen katakon da ake tare kankaren da shi da zurfinsa, domin gefen ne kaɗai ido zai gani bayan an cire katakon. Maganin wannan igiya ce da tef. Kafin a zuba komai, a ja igiya daga saman katakon wannan gefe zuwa na wancan, a auna daga igiyar zuwa ƙasa a wurare da dama, musamman inda tayar mota za ta riƙa bi. Ƙaramar mota tana buƙatar aƙalla santimita 10, idan kuwa tankar ruwa ko motar kaya za ta riƙa shiga, a kai shi 15. Buhunan siminti a ƙirga su da isowa, a ɗora biyu ko uku a sikeli, a kuma ƙirga fankon da yamma. Simintin da ya yi gudaji-gudajin da yatsa ba ya murƙushewa ya riga ya sha danshi, a mayar da shi.

Ƙarƙashin daɓen ma abin dubawa ne. Dole a kwashe baƙar ƙasar sama da saiwoyi, a shimfiɗa fasasshen dutse santimita 10 zuwa 15, a danne shi da inji. Wanda ya watsa ruwa ya tattaka da ƙafa ya ce ya zauna, rami yake haƙa wa daɓen.

Sai yashi da ruwa, kuma a nan ne bakin teku ya bambanta da ko'ina. Yashin gaɓa yana kusa, yana da araha, ga shi fes a ido, shi ya sa maha'inta ke son sa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, yashin da ya kwanta a cikinsa kuma yana riƙe da rabonsa. Lafiyayyen kankare yana yi wa rodin cikinsa wata siririyar kariya da ke hana shi tsatsa. Gishiri ne ke cinye wannan kariyar. Da tsatsa ta kama, takan kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci sau biyu ko fiye, ta tura kankaren daga ciki har ya tsage ya fara ɓantarewa, zafi kuma yana ƙara wa abin sauri. Gishirin da iska ke kawowa daga waje yakan ɗauki shekaru kafin ya ratsa ya kai ga rodi. Wanda aka kwaɓa da shi kuwa tun ranar farko yana manne da ƙarfen, kuma babu fenti ko shafe da zai fitar da shi. A duba yashin da kyau: ɓaraguzan ɓawon halittun ruwa a cikinsa, ko farin busasshen gishiri a saman tulin bayan rana ta buge shi, sun isa a ƙi karɓa. Don gano taɓo, a zuba yashi santimita 10 a kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a bar shi ya kwanta na 'yan awanni. Idan taɓon da ya kwanta a sama ya doshi santimita 1, yashin bai yi ba. Rijiyoyin kusa da teku sukan yi zartsi, don haka ruwan da ba za ka iya sha ba kada a kwaɓa da shi.

A rodi dabara biyu suke yi. Ta farko rage girma: a yi ciniki kan mai milimita 10, a kawo mai 8. A ido bambancin kaɗan ne, amma ƙarfen ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku. Ta biyu shimfiɗa ragar rodin a ƙasa warwas, da alkawarin za a ɗago ta da ƙugiya yayin zuba kankare. Leburori na tafiya a kanta da baro, ba za ta ɗagu ba. Rodin da ya kwanta a ƙasa ba ya riƙe tsaga, sai dai ya sha danshi ya ruɓe. Dole a ɗora ragar a kan ƙananan tubalan siminti, ta yadda kankare zai lulluɓe ta sama da ƙasa da kimanin santimita 5. Wannan ma wani dalili ne da ya sa daɓe mai rodi a bakin teku bai kamata ya gaza santimita 12.5 ba.

Ranar zubawa, ido ya kasance a kan bokitin ruwa. Buhu ɗaya bai kamata ya sha fiye da lita 20 zuwa 22 ba, har da jiƙar da ke cikin yashin. Rana na dukan kwaɓi yana saurin ƙamewa, sai a yi ta ƙara ruwa don ya yi sauƙin bazawa. Ruwan da ya yi yawa yana ƙafewa ya bar ƙananan ƙofofi a jikin kankaren, ta nan gishiri ke shiga. Idan kwaɓi ya yi tauri, akwai sinadarin da ake sakawa ya sassauta shi ba tare da ƙarin ruwa ba. A fara aiki da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, a jiƙa dutsen ƙasa tukuna, a kuma yi amfani da injin girgizawa don iska ta fita. Idan ka ga magini yana barbaɗa busasshen siminti a kan ruwan da ya taso sama yana gogewa da cokali, ka dakatar da shi. Wannan ne ke ba da sheƙin da ke ruɗar mai gida, kuma shi ne ɓawon da zai fara tashi yana zama gari a ƙarƙashin taya. Saman daɓen mota da tsintsiya ake ja masa layi don kada ya yi santsi.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne yadda ake watsar da aiki da zarar ya bushe a ido. Kankare ba bushewa yake buƙata ba, ruwa yake buƙata ya yi ƙarfi. Iskar teku da rana suna zuƙe ruwan samansa cikin awannin farko, sai ka ga ƙananan tsaga sun fito tun kafin magariba. A rufe shi da jiƙaƙƙen buhun algarara ko leda, ya kwana 7 bai bushe ba. Ƙaramar mota ta jira mako guda, babba ta jira kwana 28. Haka nan a yanka layukan tsaga, wato layukan da daɓen zai bi in zai tsage, duk mita 2.5 zuwa 3, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, kafin ya cika kwana guda, a bar ɗan tazara a cike da abu mai laushi inda ya haɗu da bango, a ba shi gangarar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa magudana.

Akwai kuma masu zuwa da jarka marar suna, su ce maganin gishiri ne, su caji kuɗi daban. Ana yin sinadaran shafe na gaskiya masu hana ruwa shiga, amma suna zuwa a rufe da sunan kamfani da takardar bayani, kuma ba sa gyara mugun kwaɓi. Duk abin da aka ce yana sa kankare saurin kamawa, a karanta jikinsa, domin wasu irinsa gishirin kalsiyam ne, wanda shi kansa yana cin rodi.

A rubuta yarjejeniya: kauri, awon kwaɓi, yawan buhu, girman rodi da tazararsa, inda za a ɗebo yashi, da kwanakin ban ruwa. A biya mataki-mataki bayan an auna, a riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na tsawon wata 6. A nemi ganin aikinsa da ya shekara uku, a yi magana da mai gidan ido da ido. Wanda aka riga aka yi masa aiki kuma yana da shakka, ya samo injiniya mai zaman kansa ya huda daɓen da injin yanka a wuri biyu ko uku a tsakiya. Guntun da zai fito zai nuna kauri da mazaunin rodi, a ɗakin gwaji kuma a auna ƙarfinsa da yawan gishirin da ke ciki, takardar sakamakon ce kuma hujjar da za ka riƙe idan magana ta kai gaban hukuma.