Faladin ya yanka fursuna bayan ya ba shi amana: dokar 1978 ko rantsuwar 2014?

Ɗan uwanmu na Makka da ke jan wasan Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari, ya ce faladin ɗin teburinsa, wato jarumin mayaƙi mai kare gaskiya da ɗaya daga 'yan wasan ke takawa, ya kama ɗan fashi, ya ce masa faɗi maɓoyarku in barka da ranka, mutumin ya faɗa, shi kuma ya sare shi. Yanzu tebur ya rabu biyu, yana tambaya da wace doka zai yi hukunci, tsohuwa ta 1978 ko sabuwa ta 2014.

To mutumina, a tsohuwar babu ma dogon zance. Faladin ya shigo wasan ne a 1975, shekara ɗaya bayan Gary Gygax da Dave Arneson sun fitar da shi, a 1978 kuma aka ɗaure shi tamau. Dole ya zama ɗan Adam, dole nagari mai bin doka, makin kwarjininsa a wasan kada ya gaza 17, kayan sihiri kada su wuce 10, duk abin da ya samu ya fitar da ushiri ya bayar, kuma ba ya abota da mugaye. In ya yi aikin rashin bin doka da saninsa sai ya nemi babban malamin addininsa ya faɗi laifinsa ya yi kaffara, in kuwa mugunta ce ya yi da gangan to khalas, ya koma mayaƙi na kawai har abada. Na teburinka da wannan doka aka auna shi ya gama yawo.

Amma duba abin da ta yi, ta faɗi horo dalla-dalla ba ta faɗi mene ne muguntar ba, wannan ta bar wa mai jan wasa. Shi ya sa rigima ba ta ƙarewa, kai ka ce yanka fursuna mugunta ce ɗan wasan ya ce ai ɗan fashi ne ya kashe mutane da yawa adalci na yi, sai ku kai asuba a istiraha shayi ya huce babu wanda ya jefa ɗan lido ko sau ɗaya. Bugun 2003 ya ɗan sassauta, wanda ya faɗi yana iya dawowa ta hanyar kaffara, amma tushen rigimar na nan.

Na 2014 ya juya abin. Ba a tilasta masa halin da zai ɗauka, idan ya kai mataki na 3 sai ya zaɓi rantsuwa, kowacce da sharuɗɗanta a rubuce. Shi ya sa amsarka ta dogara da wace ya ɗauka. In Devotion ce, ta sadaukar da kai, sharaɗin farko gaskiya ne, kada ya yi ƙarya kada ya yi cuta, maganarsa ita ce alkawarinsa, ga kuma jinƙai har ga abokin gaba, to ya karya ta gida biyu. In kuwa Vengeance ce, ta ɗaukar fansa, labari ya canja, domin ita cewa ta yi babu tausayi ga maƙiyin da ya yi alwashi a kansa kuma ya cimma shi ta kowace hanya. Sai dai a nan yara ke zamewa, ita kanta ta bambanta maƙiyin alwashi da na kan hanya, wanda za a iya yi wa rangwame. Ɗan fashin nan yana cikin waɗanda ya rantse a kansu ko kuwa tsautsayi ne ya haɗa su? Tambaye shi wannan. Ta ukun, Ancients, zancen haske da rayuwa ce, amma ita ma ta ambaci jinƙai da yafiya.

Wajen horo kuma sabuwar laƙo-laƙo take, ya nemi gafara wurin malami ko wani faladin irinsa, ya yi azumi ko ya kwana yana tsaye, sai in ya ƙi nadama ne mai jan wasa zai iya sauya masa aji ya daina zama faladin ko ya mai da shi mai karya rantsuwa, wato faladin da ya koma ɓangaren mugunta, wanda wallahi wasu samarin ma shi suke nema don ƙarfinsa ya fi burge su. Wani abu da ya yi mana daɗi mu nan Jidda, ƙarfin nasa daga rantsuwar yake fitowa, don haka teburin da ba ya son zancen allolin wasan sam yana iya cire su ba abin da ya lalace.

Ni na fi son sabuwar, amma akwai abin da Pathfinder na 2019, wani wasa irin wannan, ya fi su duka biyun, ya jera sharuɗɗa daga babba zuwa ƙarami. Kare marar laifi yana sama da faɗin gaskiya, yani in azzalumin sarki ya tambaye ka ko ka ɓoye masu gudun hijira don ya kashe su, ka yi masa ƙarya ba ka faɗi ba. Ari wannan. Ari ushirin 1978 ma, yana sa faladin ya ji nauyin rigarsa duk lokacin da ake rabon ganima.

A naka, in Devotion ce kada ka ƙwace komai a zaman wasanku na gaba tunda ba ka gargaɗe shi ba kafin ya sari mutumin, laifin nan da naka a ciki malam. Ka sa ƙanin mamacin ya baza labari a gari, duk wanda faladin ya ce wa na ba ka amana ya ƙi yarda, fursuna na gaba ya gwammace ya mutu yana faɗa. In ya nemi kaffara ka ba shi mai wuya, in ya maimaita to sai ka taɓa ƙarfinsa, kuma kafin nan ku zauna shi da kai ya rubuta sharuɗɗansa huɗu ko biyar a bayan takardarsa da hannunsa.