Igiyar jan mota mai ƙugiya biyu: yadda ta yi mini aiki a hanyar Zariya

Na sayi wannan igiya a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Mai faɗi ce ta lailon, tsawonta mita 4, kuma an rubuta a jikin jakarta cewa tana jan nauyin tan 5. Ta shafe watanni a bayan motata ban taɓa ta ba, sai ranar da famfon mai ya mutu mini kusa da Kwanar Dangora da la'asar, inda wani direban bas, Allah ya saka masa da alheri, ya amince ya ja ni zuwa wurin bakanike.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan miƙewar da take yi. Duk wanda aka taɓa ja da sarƙa ya san fizgar da take yi wa mota idan ta gaba ta tashi, har ta kan cire bamba. Wannan kuwa tana shanye fizgar, muddin direban gaba ya tashi a hankali, na baya kuma bai bari ta yi sako-sako ta shiga ƙarƙashin taya ba. Mun maƙala ƙugiyar a zoben ƙarfen da kamfani ya tanada domin ja, muka ɗaura jan ƙyalle a tsakiya saboda masu babur, muka kunna fitilun gargaɗi, ba mu kuma wuce gudun kilomita 25 a awa ba.

Sai dai mita 4 tazara ce kaɗan ƙwarai ga wanda injinsa ke kashe. Da zarar inji ya mutu, birki yakan yi tauri bayan taku biyu ko uku, sitiyari ma ya yi nauyi, don haka na bar makulli a kunne don kada sitiyarin ya kulle, giya tana firi, ƙafata kuma ba ta bar kan birki ba har muka isa. Takardar da ke cikin jakar ba ta ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma a ganina wannan babban rashi ne ga kayan da ake saya domin ranar tsautsayi.

Ɗan marfin ƙugiya ɗaya ya lanƙwashe tun a wannan amfani na farko, saboda haka ba zan gwada ta da mota mai nauyi ba, duk da abin da aka rubuta.

Ga mai ƙaramar mota mai giyar hannu, ta cancanci kuɗinta. Mai otomatik kuwa ya nemi janwe da zai ɗauke motar gaba ɗaya, domin man giya ba ya zagayawa idan inji na kashe, jan nesa kuma na iya ƙona giyar. Da dare ya riske ni a wurin, da lambar 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra zan kira, domin igiyar ba ta da wani abu mai ƙyalli da zai nuna ta a cikin duhu.